Kulu Mai Abinci da Allurar Kwana Uku

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Sharada a waɗancan shekarun ya ci shinkafa da waken Kulu, ko da zai rantse bai ci ba. Rumfarta tana jikin katanga, hannun hagu in za ka shiga get: tukwane uku, benci biyu, da tsohon buhu da ta rataya saboda rana. 'Yar garin ce. Takan nuna wajen da hayaƙin sashen rini yake tashi ta ce nan ne gonar babanta, dawa yake shukawa da ɗan rogo a gefe. Ba da ɓacin rai take faɗa ba, kamar dai mai yi maka kwatancen hanya.

Ni kuwa Atika sunana, amma a lokacin in ba ka ce Sista ba, ba na juyowa. A saba'in da tara na fito daga makarantar ungozoma, aka ɗauke ni a ɗan asibitin kamfanin, ɗaki biyu da baranda, domin matan ma'aikata. Shekarata ashirin da uku, ga farar riga ta sha guga, ga agogo maƙale a ƙirji, ga takalmi mai tsini wanda ko a makaranta an hana mu sawa. Iyayi kuwa ba a magana. Gani nake duk matan Kano zaman jirana suke in zo in koya musu haihuwa, ni da ko aure ban yi ba. Kullum da azahar a rumfar Kulu nake cin abinci, ina ci ina yi mata gyara, ta rufe tukunya, ta rage mai, ta sauya ruwan wanke kwano. Sai ta ce to, ta ƙara mini wake.

Bari in faɗa muku abin da ban sani ba game da ita, don ni sai da na sha wuya na sani. Haihuwarta bakwai. Ɗan farin ya rayu, yana can Ikko yana tuƙin mota. Biyar da suka biyo shi babu wanda ya ga ranar suna. A haife shi lafiya, kwana ɗaya zuwa biyu ido ya yi rawaya, jiki ya bi, ya daina kama nono, shi ke nan. Na biyar ɗin ma a kumbure ya zo, ko kuka bai yi ba. Aka ce wabi take yi. An ba ta rubutu, an yi turare, an sauya mata ɗaki, wasu matan har suka fara janye 'ya'yansu in ta zo wucewa. Ta bakwai mace ce, ita kam ta zauna. Tsofaffi suka ce in ana so ta ci gaba da zama, kada uwar ta nuna tana so. Ana yaye ta aka miƙa wa yayar mijin Kulu, Mairama, a wani ƙauye gaba da Ringim, aka ja wa Kulu kunne kada ta kuskura ta kira ta 'yarta. Ta kuwa riƙe. Yarinyar, Sauda, ta girma ta auri wani masaƙi a kamfaninmu mai suna Uwaisu, suka kama ɗaki a nan Sharada. In ta zo wucewa ta durƙusa ta gaishe ta, Kulu ta amsa yadda take amsa wa kowa, ta ce a gaida gida. Mijin Kulu ya daɗe da rasuwa, 'yan garin da suka san zancen kuma ba mai tayar da shi.

To wannan Saudar ce ta zo mini awo da cikin fari. Na ɗebi jininta na aika cikin gari, da sakamakon ya dawo saura kaɗan in yi guɗa. Abin da na haddace don jarrabawa ne ya zo har ɗakina da ƙafarsa. Jininta irin wanda muke ce wa resas nagetib ne, a cikin mutum ɗari da ƙyar ka sami biyar masu shi. Ba ciwo ba ne, mai shi lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen haihuwa. In jariri ya ɗauko jinin uba, wanda ba irin na uwar ba, to lokacin haihuwa ɗan jininsa kan shiga jikinta, jikin ya ɗauke shi baƙo, ya yi masa shirin faɗa. Ɗan fari ya riga ya fita, ya tsira. Waɗanda za su biyo baya su ne za su tarar da shirin. Maganin allura ɗaya ce, anti-di, amma sai an yi wa uwar cikin kwana uku da haihuwa, kafin jikin ya farga. Jinin Uwaisu kuwa yana rubuce a katinsa, don duk mai aiki da inji an gwada nasa, kuma ba irin na Sauda ba ne.

Likitan kamfani, wanda yake leƙo mu Talata da Juma'a, ya sa aka kawo allurar daga Ikko, na saka a firji. Kowace safiya sai na buɗe na dube ta kafin in cire gyale.

Ga inda na tafka wautar. A makaranta an koya mana cewa sirrin mara lafiya nasa ne. Saboda haka na sallami tsohuwar da ta rako Sauda waje, na ja labule, na ɗauko biro ja da shuɗi, na zana mata mahaifa da jini yana shiga yana fita. Minti arba'in ina zuba. Ita kuwa kanta a ƙasa, tana murza bakin zaninta, duk abin da na ce ta ce to. Na rubuta a katinta da Turanci, da jan biro, na ja layi uku a ƙasa, ga yarinyar da ko Hausar boko ba ta karantawa. Na tashi ina jin na ceci al'umma. Oh ni Atika! Bahaushiya 'yar Bahaushe, wadda uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba don kunyar ɗan fari, wai ni ce na zauna ina sa ran mai cikin fari za ta koma gida ta buɗe baki a gaban manya ta ce in na haihu a yi mini kaza. Ai ko cikin ma ba ta yarda tana da shi ba. Na aika aka kira mijin, ina cewa matarka sai ya ce injinsa yana jira, ya fice har yana tuntuɓe da benci.

Da cikin ya shiga wata bakwai ta daina zuwa. Na rubuta ba ta zo ba, sau uku, ina tsaki ina cewa matan nan ba sa son kansu. Ko sau ɗaya bai faɗo mini ba cewa mai cikin fari gidan da ta tashi ake mayar da ita goyon ciki, abin da yarinya 'yar shekara bakwai ta sani.

Wata Laraba cikin damina ina zaune a bencin Kulu, cokali a hannu, sai ga hayaniya daga get. Masaƙa ne suka fito hutun azahar sun sako Uwaisu a gaba, sun zazzage masa burbushin auduga tun daga ka har ƙafa, suna ta kiran angon ƙarni. Na tare shi na ce yaushe, a ina. Ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya, sai wani abokinsa ne ya amsa mini: Litinin da asuba, a ƙauyen Mairama, jiya saƙo ya iso, mace aka samu.

Na ƙirga da yatsu a gaban kowa. Gobe Alhamis da asuba kwana ukun zai cika. Wallahi ban san lokacin da na fara masifa ba. Na wanke Uwaisu tas, na haɗa da abokansa, na haɗa da duk mutanen ƙauye da al'adunsu, kowa ya samu rabonsa ban da mai laifin, wato ni. Ina cikin haka na ji muryar Kulu a bayana, a hankali.

"Sista, allurar mece ce wannan?"

Don haushi ban tsaya zane ba. Na ce mata in ba a yi wa yarinyar nan allura kafin gobe ba, wannan ta farin za ta rayu, amma na bayanta haka za su riƙa zuwa suna komawa. Abin da na kasa faɗa a minti arba'in, ga shi ya fita a numfashi ɗaya.

Ta ajiye ludayi. "Idon ne yake fara yin rawaya?"

Na ce e.

"Sannan ya ƙi kama nono."

Na juyo na dube ta sosai, karo na farko tun da na fara cin abincinta. A raina har ina cewa a ina matar nan ta ga littafina. Ta ce wa masaƙan kowa ya zuba da kansa, ta ɗaura gyale a ɗamara, ta ce in je in ɗauko allurar. Shekara goma sha ɗaya tana wajen, ba a taɓa ganin ta bar tukwanenta da rana tsaka ba.

Na zubar da shayin da ke fulas ɗina, na cika shi da ƙanƙara daga kantin manyan ma'aikata, na naɗe kwalbar na tura ciki. Kafin in fito Kulu ta tare Ado, direban da zai kai dilolin yadi Haɗeja. Ba ta roƙe shi ba, hawa kawai ta yi ta zauna a gaba, ta matsa mini wuri. A cikin motar nan ne, muna tsalle a ramuka, ta ba ni labarin da na ba ku a baya, idonta a kan titi, muryarta kamar mai lissafa kayan miya. Da ta zo kan cewa Sauda ita ta haife ta, sai ta ce "yarinyar nan", ta kasa cewa 'yata. Kunya ta rufe ni, na rungume fulas kamar za a ƙwace.

Ruwa ya tare mu a hanya, taya ta yi faci, ba mu shiga Ringim ba sai magariba. Aka ce fadamar da ke tsakaninmu da ƙauyen ta cika, mai kwalekwale ya tashi, sai da safe. Na yi fushi, na nuna agogon ƙirjina, na ce ni ma'aikaciyar lafiya ce. Mutanen suka ce sannu da aiki. Muka kwana gidan wata 'yar uwar Kulu, na sami ƙanƙara wajen wani mai sayar da lemo na sake cika fulas.

Da safe muka haye, sannan tafiyar ƙafa. Takalmina mai tsini ko rabin mil bai yi ba, ƙafa ɗaya ta nutse a taɓo, na zaro ƙafar babu shi. Na tsaya zan tono, Kulu ta ce in bar musu shi su yi shuka. Haka na ƙarasa ba takalmi, farar rigar ta koma kalar kunun kanwa, hular aiki a hannu, ina bin bayan mace mai shekara hamsin ina haki. Rana ta take tsaka muka yi sallama a gidan. Na dubi agogo, na ga lokaci ya wuce, na bar wa cikina.

Mairama tsohuwa ce doguwa, mai magana ɗaya. Ta karɓe mu da ruwa, ta ji abin da ya kawo mu, ta ce a'a. Mai jego ɗanyen jiki gare ta, ana yi mata wankan ruwan zafi safe da yamma, ba wanda zai huda ta da ƙarfe. Yarinya lafiya, jaririya lafiya, me ake nema? Na gyara tsayuwa, na buɗe baki, kuma Allah shaida har na fara laluben biro a aljihu. Kulu ta damƙe hannuna ta mayar da ni baya.

"Yaya, biyar na binne, uku ke kika wanke su. Wannan 'yata ce. Ni na haife ta, kuma za a yi mata allurar nan."

Shekara goma sha tara ba ta faɗi kalmar nan ba, don an ce mata ranar da ta faɗa za ta rasa ta. Mairama ta dube ta, idonta ya kawo ruwa, tsoro ne ƙarara a fuskarta.

"Kulu, kin faɗa fa da bakinki."

"Na faɗa."

Daga cikin ɗaki muka ji Sauda tana kuka ƙasa-ƙasa. Mairama da kanta ta ɗaga mini asabari. Allurar da aka sha wannan wahala dominta ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba. Kulu ba ta shigo ba. Tana tsakar gida an miƙa mata jikarta, ta riƙe tana kallo.

A hanyar dawowa na kasa haɗiye abin. Na ce mata mun makara, kwana ukun ya cika tun asuba, mun wuce da wajen awa takwas. Ta tambaye ni ko littafin ya ce in an wuce ba ta da amfani. Na ce littafin kwana uku ya ce, bai ƙara komai ba. Na kuma ce laifina ne, da na gaya wa tsohuwar da ta rako ta awo, da ba a kai ga haka ba. Ban taɓa cewa laifina ne ga wani mahaluki ba kafin ranar, kuma ɗaci gare shi. Ba ta ce ba komai ba, ba ta kuma zage ni ba, da ma zagin ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce Allah ya sa mun dace, muka ci gaba da tafiya.

Shekara biyu na yi da abin nan a ƙirjina. Sauda ta dawo Sharada bayan arba'in, duk ranar da na hango ta cikinta nake fara kallo. Na gwada jinin Kulu, ya fito irin na 'yarta sak, na gane dalilin da ita kaɗai ta zauna: jinin uwarta ta ɗauko, jikin bai ga baƙo ba. Na yi wa Kulu bayani, wannan karon a taƙaice. Ta saurara, ta ce to ita dai ta san ta ba da ita kuma ta rayu, ba ta ga abin musu a ciki ba. Na bar ta. Daga lokacin kuma duk mai cikin fari da ta zo, tsohuwar da ta rako ta nake fara zaunarwa a kujera, ita yarinyar ta tsaya bakin ƙofa ta yi kamar ba da ita ake ba.

A tamanin da biyu Sauda ta sake samun ciki. Akwai gwajin da zai nuna ko jikinta ya riga ya yi shirin nan, na aika jini cikin gari sau biyu, aka ce kayan gwajin sun ƙare. Saura jira. Wannan karon a hannuna ta haihu, da hantsi, namiji, kuma jinin ubansa ya ɗauko, wato dai babu wajen ɓuya, yanzu za a san ko allurar ta kama. Na yi mata sabuwar allura tun kafin a gama share ɗakin, na ce ba inda za su je sai sun kwana biyar a gabana.

Kulu ta rufe rumfa. Kowace safiya za ta ɗauki yaron ta fita baranda inda haske yake, ta ja fatar idonsa da babban yatsa, ta duba dama, ta duba hagu, ta buɗe bakinsa, ta mayar wa uwar ta tsaya sai ta ga ya kama. Ina yi mata faɗa cewa za ta dame shi, tana juya baya ni ma in je in ja idon. Ranar farko sai da na duba ya fi sau ashirin. A kwana na biyu ni na san an tsallake, don irin wannan rawayar ba ta jinkiri. Na gaya mata, ta ce na ukunta sai da ya kwana uku. Ban yi musu ba, don ita ta gani da ido, ni a takarda na karanta.

Ranar kwana na biyar ta duba shi a baranda, ta daɗe tana dubawa. Ido fari tas, yaro yana ta wutsil-wutsil yana neman nono. Ta miƙa wa Sauda shi, ta biyo ni ɗakin magani, ta tura ƙofa. Akwai wani ɗan ƙunshi da take zuwa da shi kullum a hammata, na ɗauka goronta ne. Ta kwance a kan teburina. Farin yadi ne sabo, an wanke an ninke, daidai likkafanin jariri.

"Tun cikin yana wata shida na saya," in ji ta. "Na saba tanada, don kada a tsaya nema a bar shi a kwance." Ta shafa yadin da tafin hannu. "Yanzu ya zan yi da shi, Sista?"

Da na ga zan yi kuka a gabanta sai na jawo almakashin bandeji, na ce ta kama mini wancan bakin. Ta kama, ta ja ya miƙe. Muka raba shi gida shida.

Ita ta ɗauki ƙyallen farko ta je ta yi wa yaron ƙunzugu. Ko gama ɗaurawa ba ta yi ba ya ɓata shi, har da hannunta. Kulu ta dubi hannun, ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye, ta kifa kai a gefen gadon 'yarta ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Sauda ta ɗora mata hannu a ka. Na ja musu labule, na fita baranda da ƙyallen, na nemi bokiti na wanke.